Lauyan da gwamnati ke biya don ya ja da ita

Ranar da hukuma ta gurfanar da mutum a gaban kotu, takan zo ne da shirinta. 'Yan sanda sun riga sun yi bincike, sun ɗauki bayanan shaidu, sun tattara abin da za su kafa hujja da shi. Mai gabatar da ƙara ya yi shekaru a bakin aiki, ya san halin alƙali, ya san wace takarda ake shigarwa kafin wacce. A ɗaya gefen kuwa mutum ɗaya ne tsaye, wataƙila ya kwana uku a tsare bai yi barcin kirki ba, kuma bai taɓa jin sashen dokar da aka karanto masa ba. In mai hali ne, yana da wanda zai tsaya masa. In kuwa ba shi da ko sisi, sai tambayar da ƙasashe suka shafe fiye da ƙarni suna kai-komo a kanta ta taso: wa zai yi magana a madadinsa, wa kuma zai biya?

Amsar da yawancin ƙasashe suka tsaya a kai ita ce gwamnatin da ta kawo ƙarar, ita ce za ta biya lauyan da zai kare wanda ta kawo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta faɗi haka a sashe na 14: duk wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a ba shi lauya idan adalci ya buƙaci haka, ba tare da ya biya ba in ba shi da abin biya. A rubuce dai magana ta ƙare. Amma duk wanda ya bi yadda abin ke gudana zai ga cewa sanya sunan lauya a jikin fayil shi ne mafi sauƙin sashe na wannan alƙawari. Abin da talaka ke buƙata a wurin lauyan abu biyu ne, lokacinsa da kuma 'yancinsa na ya ja da wanda ke biyansa. A nan ne ake samun cikas kusan ko'ina.

Tunanin kafa ofishi na musamman domin wannan aiki ya samu babbar mai fafutuka a Clara Shortridge Foltz, mace ta farko da ta zama lauya a jihar Kalifoniya ta Amurka. A 1893, a wani taro a birnin Shikago, ta kawo hujja mai sauƙin fahimta: tun da gwamnati tana da ma'aikaci mai albashi wanda aikinsa tuhuma, kamata ya yi ta samu wani mai albashi da daraja ɗaya wanda aikinsa kariya. A lokacin, abin da aka saba shi ne alƙali ya duba cikin kotu, ya nuna wani lauya, sau da yawa sabon shiga, ya ce ya tsaya wa wanda ake tuhuma kyauta. Sai a 1914 gundumar Los Angeles ta buɗe ofishin farko irin wanda Foltz ta nema.

Illar tsohon tsarin ta fito fili a jihar Alabama a 1931, lokacin da aka tuhumi wasu samari baƙaƙen fata su tara da yi wa mata biyu fararen fata fyaɗe a cikin jirgin ƙasa. Alƙalin garin Scottsboro ya ce ya naɗa duka lauyoyin garin su tsaya musu. Da yake an ɗora wa kowa nauyin, babu wanda ya ɗauka. Har safiyar ranar shari'a babu lauyan da ya zauna da yaran ya ji ta bakinsu yadda ya kamata, kuma cikin 'yan kwanaki aka yanke wa takwas daga cikinsu hukuncin kisa. Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin a 1932, ta ce naɗin da bai ba lauya damar shiri ba, ba naɗi ba ne. Daga baya ɗaya daga cikin matan ta fito ta ce babu fyaɗen da aka yi.

Shari'ar da aka fi ambata a wannan fage ita ce ta Clarence Earl Gideon. A 1961 aka tuhume shi da fasa wani gidan wasan sunuka a garin Panama City na jihar Filorida. Ya roƙi alƙali ya ba shi lauya, alƙali ya ce dokar jihar ba ta ba shi ikon yin haka ba sai a laifin da hukuncinsa kisa ne. Gideon ya kare kansa iyakar iyawarsa, aka ɗaure shi shekara biyar. Daga gidan yari ya rubuta koke da fensir zuwa Kotun Ƙoli. A ranar 18 ga Maris, 1963, alƙalan tara suka haɗu a kan cewa dole jihohi su ba duk talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya.

Ni a wurina abin da ya faru bayan wannan hukunci ya fi hukuncin kansa koyarwa. An sake shari'ar a watan Agusta na shekarar, a gaban alƙalin nan dai na farko, da manyan shaidun nan dai na farko. Abin da ya canza shi ne Gideon ya samu lauya mai suna Fred Turner. Babban shaidan gwamnati wani matashi ne, Henry Cook, wanda ya ce ya ga Gideon a cikin gidan da asuba. A karon farko babu wanda ya matsa masa da tambayar me shi kansa yake yi a wurin a wannan lokaci. Turner ya matsa, ya tono cewa an taɓa kama Cook da laifin ɗaukar motar wani, sannan ya nuna wa masu taya alƙali yanke hukunci cewa mai yiwuwa shi Cook gadi yake yi wa abokansa da suka shiga gidan. Akwai kuma direban tasi da ya ɗauki Gideon a safiyar, wanda ya shaida cewa Gideon ya ce masa kada ya gaya wa kowa ya ɗauke shi. Maganar a haka tana kama da ta mai gudun asirinsa ya tonu. Turner ya tambayi direban ko Gideon ya taɓa faɗa masa haka a baya. Direba ya ce ai ya saba faɗa, domin yana da matsala da matarsa. Tambaya ɗaya ta rushe hujjar. Bayan kimanin awa ɗaya ana shawara aka wanke Gideon.

Tambayar nan ba ta buƙatar wata baiwa ta musamman. Tana buƙatar mutumin da ya karanta bayanan shari'ar farko, ya zauna da wanda yake karewa, ya yi tunani a kan kowace jimla da shaidu suka faɗa. Wato tana buƙatar lokaci.

Mutane da yawa suna ɗaukar aikin lauyan marasa galihu a matsayin tsayuwa gaban alƙali ana kece raini. Wannan shi ne mafi ƙarancin aikinsa. Mafi yawan abin da ke yanke makomar wanda ake tuhuma yana faruwa ne tun kafin a kira shaida na farko.

Wurin farko shi ne ofishin 'yan sanda. Mutumin da ke tsare, a firgice, ga gajiya, zai iya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko ya amsa abin da bai yi ba don kawai a ƙyale shi ya huta. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba yakan yi mamakin yadda mai gaskiya zai amsa laifi, amma a cikin mutanen da gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke a Amurka bayan an ɗaure su, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun yi wa kansu shaida da bakinsu a farko. Shi ya sa Ingila, tun dokar 'yan sanda ta 1984, ta ba duk wanda aka tsare damar ganin lauya kyauta a caji ofis, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ma, a shari'ar Salduz da ƙasar Turkiyya a 2008, ta ce a ƙa'ida dole a bar mutum ya ga lauya tun daga tambayoyin farko. Lauyan da ya shigo bayan an sa hannu a takardar amsa laifi ya tarar da rabin shari'ar an gama.

Wuri na biyu shi ne neman beli, wanda sau da yawa ba ya wuce 'yan mintoci. Ka duba abin da ake so lauya ya yi a wannan ɗan lokaci. Ya shiga ɗakin tsare mutane na kotu da safe riƙe da tarin fayiloli, ya kira suna, mutum ya matso bakin ƙarfe, wasu na sauraro ta kowane gefe. A nan zai tambayi inda yake zaune, ko yana da aiki, wa ya dogara da shi, wa zai iya tsaya masa, ko yana shan wani magani da aka raba shi da shi tun ranar kamu. In ya samu lambar wayar ɗan'uwa ya kira aka ɗauka, ya shiga kotu da abin faɗa: wannan mutum yana da gida, yana da aiki, ga yayansa a zaune zai tsaya masa. In bai samu ba, abin da alƙali zai ji kawai shi ne takardar tuhuma. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne mutum ya koma gida ranar, ko ya tafi jiran shari'a na watanni, aikinsa ya tafi, hayar gida ta taru, yara su bar makaranta.

Daga nan sai wuri na uku, wanda shi ne ya fi ɗaure kai. A Amurka yawancin shari'o'in laifi ba sa kaiwa ga sauraron shaidu. Mai gabatar da ƙara yakan yi tayi: ka amsa ƙaramin laifi a sassauta maka, ko ka ƙi mu je shari'a a kan babban. Kotun Ƙoli da kanta ta faɗa a 2012 cewa kashi 97 cikin ɗari na hukuncin samun mutum da laifi da kotunan tarayya ke yankewa, da kashi 94 na kotunan jihohi, ta hanyar amsa laifi ake samunsu. Ga wanda ke tsare saboda ya kasa biyan beli, tayin nan gaba kura ne baya sayaki. In ya amsa, zai iya fita yau amma da tabon laifi da zai bi shi wurin neman aiki har ƙarshen rayuwa. In ya ƙi, zai ci gaba da zama yana jiran ranar da ba a sani ba. Kalief Browder yana da shekara 16 aka kama shi a New York a 2010 bisa zargin satar jakar goyo. Iyalinsa sun kasa biyan belin dala 3,000. Ya ƙi amsa laifin da ya ce bai yi ba, ya shafe shekara uku a gidan yarin Rikers, mafi yawanta a ɗakin kaɗaici, ana ta ɗage shari'ar har aka janye tuhumar a 2013. Shekara biyu bayan fitowarsa ya kashe kansa.

A irin wannan tsari, shawarar lauya ita ce shari'ar gaba ɗaya. Shi zai ce wa mutum hujjar da ke kanka ba ta da ƙarfi, ka daure, ko kuma ya ce masa shaidun nan za su kayar da kai, karɓi tayin. Kuma ba zai iya faɗin ko ɗaya da gaskiya ba sai ya karanta fayil, ya je inda abin ya faru, ya nemi shaidun da 'yan sanda ba su nema ba, ya kalli hoton kyamarar tsaro kafin a goge shi. Lauyan da bai yi wannan ba, abin da zai iya kawai shi ne ya isar da saƙon mai gabatar da ƙara.

To nawa ne lokacin da yake da shi? A 1973 wani kwamitin ƙasa a Amurka ya ba da shawarar kada lauya ɗaya ya riƙe fiye da manyan laifuffuka 150 ko ƙanana 400 a shekara. Ka yi lissafin da kanka. Mutumin da ke aiki awa 40 a mako yana da kimanin awa 2,000 a shekara. Kenan kowane babban laifi ya samu awa 13, ƙarami kuma awa biyar, har da zaman jira a kotu da tafiya gidan yari. Wannan ma shi ne iyakar da aka ce kada a wuce, kuma ofisoshi da yawa sun shafe shekaru suna wuce ta. A 2023 cibiyar bincike ta RAND da abokan aikinta suka fitar da sabon ma'auni, bayan sun tara ƙwararrun lauyoyi sun auna abin da kowane irin laifi ke ci. Sun ce shari'ar kisan kai tana buƙatar kimanin awa 248, babban laifi mafi sauƙi awa 35, ƙaramin laifi mafi sauƙi kusan awa 14. Wato abin da tsohon ma'auni ya ba babban laifi bai kai abin da ƙarami yake buƙata ba. Kuma ba 'yan tsiraru abin ya shafa ba: alƙaluman ma'aikatar shari'ar Amurka sun nuna cewa kusan mutum takwas cikin goma da ake tuhuma da manyan laifuffuka a kotunan manyan gundumomi, lauyan da gwamnati ta biya ne ke tsaya musu.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne lauyan da aiki ya danne yana iya zama ya fi rashin lauya cutarwa ta wata fuska. Wanda aka ɗaure ba lauya, kowa ya ga zalunci. Wanda aka ɗaure da lauya a gefensa, ko da lauyan bai san sunansa ba sai da safiyar ranar, takarda ta nuna an cika ƙa'ida, kuma ƙofar ɗaukaka ƙara ta ƙara ƙunci. A shari'ar Strickland ta 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta ce wanda ke ƙorafi a kan lauyansa dole ya nuna abu biyu: cewa aikin lauyan ya gaza abin da hankali zai karɓa, da kuma cewa da bai gaza ba, akwai yiwuwa mai ƙarfi sakamakon ya canza. Na biyun yana da wuyar tabbatarwa ƙwarai, domin shaidar da lauya bai nema ba ba ta cikin fayil. A jihar Texas an yanke wa Calvin Burdine hukuncin kisa a 1984 bayan shari'ar da lauyansa ya riƙa yin barci a cikinta. A shekarar 2000 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka ƙi soke hukuncin, suna cewa ba a nuna barcin ya zo daidai da muhimmin wuri ba. Sai da cikakkiyar kotun ta zauna a 2001 kafin aka ba da umarnin sake shari'a.

Yadda ake biyan lauya ma yana da tasiri a kan aikinsa. Hanyoyi uku aka fi bi. Akwai ofishi mai ma'aikata masu albashi, akwai lauyoyi masu zaman kansu da kotu ke naɗawa tana biyansu a kan kowace shari'a, akwai kuma kwangila, inda ake ba lauya ko kamfanin lauyoyi dunƙulallen kuɗi su riƙe duk shari'o'in da suka zo a shekara. Ta ukun ita ce mafi haɗari, domin duk awar da lauya ya ƙara a kan fayil, da duk kuɗin da ya biya mai bincike, daga ribarsa suke fita. Ta biyun kuma tana da nata aibin idan alƙali ne ke zaɓar wanda zai naɗa: lauyan da ke yawan ja da kotu yana cin lokacinta ya san mai yiwuwa ba za a sake kiransa ba.

Birnin Filadelfiya na Amurka ya ba da damar auna wannan bambanci ba tare da an shirya ba. A can, ɗaya daga cikin kowace shari'ar kisan kai biyar ta marasa galihu ana ba ofishin lauyoyi masu albashi ne bi da bi, sauran huɗun kuma a ba lauyoyin da kotu ke naɗawa. Masu bincike biyu, James Anderson da Paul Heaton, sun bi sawun waɗannan shari'o'i, suka wallafa sakamakon a 2012. Waɗanda suka faɗa hannun ofishin, yiwuwar a same su da laifin kisa ta ragu da kashi 19 cikin ɗari, yiwuwar ɗaurin rai da rai ta ragu da kashi 62, tsawon zaman gidan yari kuma da kashi 24. Laifuffuka iri ɗaya, kotuna iri ɗaya. Lauyoyin ofishin suna aiki ne biyu-biyu, suna da masu bincike da ƙwararru a hannu, su kuwa na waje kuɗin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. Wannan ya kamata ya sa a daina yi wa lauyoyin marasa galihu kallon waɗanda suka rasa aikin yi. Inda aka ba su kayan aiki, sukan fi da yawa daga cikin na kuɗi sanin kotun laifi, tun da kullum a cikinta suke.

Duk da haka wanda ake karewa yakan shigo da zargi a ransa, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ga wanda ya kama shi, da wanda ke tuhumarsa, da alƙali, da wannan da aka ce nasa ne, duk daga baitulmali ɗaya ake biyansu. Idan kuma maganar farko da lauyan ya yi masa ita ce ya amsa laifi, zargin ya tabbata a wurinsa. Mutumin da bai amince da lauyansa ba yakan ɓoye masa abin da zai cece shi. Amana kuwa ba ta ƙulluwa cikin minti biyar ta bayan ƙarfe.

Akwai masu tambaya, kuma tambayarsu tana da nauyi: don me za a ɗauki kuɗin haraji, har da na wanda aka yi wa fashi, a biya wanda zai kare ɗan fashin? Gaskiya ne da yawa daga cikin waɗanda ake karewa sun aikata abin da ake zarginsu, ko wani abu kusa da shi. Amma ba a sanin wane ne ya aikata sai an gwada hujja, kuma hujjar da babu wanda ya ja da ita ba a gwada ta ba. Idan aka ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, an rufe fayil, mai laifin na gaskiya yana yawo, wanda aka zalunta kuma an ba shi adalcin ƙarya. Ko wanda ya aikata ma, akwai sauran tambayoyi: kisan ganganci ne ko na kuskure, yana cikin hayyacinsa ko a'a, shi ne jagora ko yaron da aka aika, shekara biyu ta dace da shi ko ashirin. Lauya ba shi da izinin yi wa kotu ƙarya ko gabatar da shaidar da ya san ta jabu ce. Abin da aka ɗora masa shi ne ya riƙe sirrin wanda yake karewa, ya tilasta wa gwamnati ta tabbatar da abin da ta faɗa, ya kuma sa alƙali ya ga mutum gaba ɗayansa kafin ya yanke hukunci. Wani ofishi a unguwar Bronx ta New York, wanda aka kafa a 1997, ya faɗaɗa wannan ta hanyar haɗa lauyoyi da ma'aikatan jin daɗin jama'a, domin a duba matsalar shaye-shaye ko taɓin hankali ko rashin matsuguni da ta kai mutum kotu. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna waɗanda ofishin ya tsaya wa sun fi samun gajeren hukunci, ba tare da sun fi sauran komawa ga laifi ba.

A ƙasashen da lauyoyi suka yi ƙaranci, kuma yawancinsu suna manyan birane, matsalar takan ɗauki wata kama: mutane su cika gidajen yari ba tare da an yanke musu hukunci ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin duniya jiran shari'a suke yi. A Indiya, shari'ar Hussainara Khatoon ta 1979 ta bankaɗo mutane a gidajen yarin jihar Bihar da suka daɗe a tsare fiye da iyakar hukuncin da za a yanke musu ko da an same su da laifi, kuma ta kai ga sakin dubbai. Malawi ta bi wata hanya tun shekarar 2000: ta horar da mataimakan lauyoyi, waɗanda ba lauyoyi ba ne amma sun san dokar laifi, suna shiga gidajen yari suna koya wa fursunoni yadda ake neman beli, suna nemo dangi da masu tsayawa, suna tono fayilolin da aka manta. Sanarwar Lilongwe (babban birnin Malawi) ta 2004 da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2012 kan taimakon shari'a duk sun amince da wannan hanya. Ba ta maye gurbin lauya a shari'ar kisa, amma mutum nawa ne ke zaune a tsare don kawai babu wanda ya gaya masa yana da haƙƙin neman beli?

Saura batun 'yanci, wanda shi ne ginshiƙin sauran. Ɗan siyasa yakan samu ƙuri'a idan ya ƙara 'yan sanda ko ya tsaurara hukunci, amma da wuya ya samu ko ɗaya don ya ƙara kuɗin kare waɗanda ake tuhuma. Duk ƙarin kamu kuwa ƙarin fayil ne a teburin lauyan da ba a ƙara masa komai ba. Birazil ta yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa ta hanyar sanya hukumar lauyoyin marasa galihu a cikin kundin tsarin mulkinta na 1988, a sashe na 134, sannan gyaran 2004 ya ba ofisoshin jihohi 'yancin tafiyar da kansu da gabatar da kasafin kuɗinsu. Aikinsu bai tsaya a laifi ba, har da rikicin iyali, da gidaje, da ƙarar gwamnati a kan magani. Har yanzu akwai yankunan ƙasar da ba su da lauyan ko ɗaya, amma aƙalla gwamna ba zai kori shugaban ofishin don ya ɓata masa rai ba.

Inda babu irin wannan kariya, abin da ya rage wa lauyoyin shi ne su ƙi karɓar sabbin fayiloli, domin ƙa'idar sana'arsu ta hana lauya ɗaukar aikin da ya san ba zai iya yi da kyau ba. A 2016 shugaban ofishin lauyoyin marasa galihu na jihar Missouri ta Amurka, Michael Barrett, bayan an riƙe wa ofishinsa kuɗi, ya yi amfani da wani sashe na doka ya naɗa gwamnan jihar, Jay Nixon, wanda shi ma lauya ne, ya kare wani talaka. Kotu ta ce ba shi da wannan iko, amma ƙasar gaba ɗaya ta ji halin da ofishin ke ciki. A jihar Oregon kuwa, da mutane suka taru a tsare babu lauya, wani alƙalin tarayya ya ba da umarni a 2023 cewa duk wanda ya kwana bakwai a tsare bayan gurfanar da shi ba a ba shi lauya ba, a sake shi ya jira shari'a a gida, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da umarnin a 2024.

Wannan umarni na Oregon, a ganina, shi ne ya mayar da nauyin inda ya dace. Shekara da shekaru talakan da ke tsare ne ke biyan kuɗin ƙarancin lauyoyi da kwanakin rayuwarsa, gwamnati kuwa ba ta rasa komai. Da zarar rashin lauya ya zama yana nufin buɗe ƙofar gidan yari, sai zaɓi ya koma hannun masu riƙe da kasafi: ko su ɗauki isassun lauyoyi da masu bincike a kan albashin da zai riƙe su, daidai da na masu gabatar da ƙara, ko su rage yawan ƙananan laifuffukan da suke kai wa kotu, ko su bar mutane su jira shari'arsu a gida.